Zaman Kwalekwale

Lahadi da dare, tsakiyar damina, Haɗeja

Tun da Bature ya jefo ni asibitin En'e nake fama da ƙungiyar samarin cocin nan da nake jagoranta. Yarbawa gefe, Ibo gefe, mu 'yan Jos gefe. Na ƙudura yau zan rushe ƙungiyar, in mun dawo daga gaida mara lafiya a tsallaken kogi.

A kwalekwale ma haka aka zauna gefe-gefe, sai Baba mai fito ya ƙi tuƙi. "Malam, so kuke mu kife? Kai ƙato, koma kusa da siririn can!"

Haka ya cakuɗa su bisa nauyi. A tsakiyar ruwa wani ya ɗauko waƙa, duka suka amsa, har na hango duwatsun garinmu cikin fadama. Na ji haushi, wa'azina bai taɓa yin wannan ba. Amma tsohon ya fi ni.

Ban rushe ƙungiyar ba. Har yanzu gadona lilo yake, kamar ina cikin kwalekwalen.