Gaurakar da Ba Ta Kaɗa Fikafikai

Ƙofar Wambai,
Bauchi.

Zuwa ga Kawu Bakari,

Assalamu alaikum. Kawu, ka yafe mini ƙarfin halin da na yi na rubuto maka ba tare da an sa ni ba. Ni ce Lailatu, 'yar Addarka, wadda ke ɓuya bayan labule duk ran da ka zo. Ina fata kana lafiya, da Anti Rukayya da Yasmin, da zaman Fatakwal. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan Baba yana fita shago, Madina ta shiga aji huɗu, Mudathir ya fara haddar izu na biyu. Umma ce dai jiki ya ƙi.

Tun da ɓarin jikinta ya shanye maganarta ba ta dawo ba, amma da tana cin abinci, tana kuma kallon gaurakar takardar nan da ka ninka mata a asibiti, wadda muka rataye da zare a saman gadonta. Idan aka sauko da ita, sai ta riƙe ƙirjinta da hannunta mai lafiya, ni kuma in ja wutsiyar, fikafikan su kaɗa, sai gefen bakinta ya ɗan motsa. Dariyar da ta rage mata ke nan. To, a ruwan watan jiya kwano ya yi yoyo daidai wurin, muka tarar da ita ta jiƙe ta lanƙwashe. Na shanya ta, sannan na ce bari in warware ta a hankali in bi sawun ninkin in koya. Garin neman gira na rasa ido, domin ta dagargaje a hannuna.

Na kai kukana wurin Malama Cecilia, mai koya mana zane a makaranta. Da ta ga waɗanda na gwada yi sai ta yi murmushi, ta ce takardar littafin rubutu doguwa ce, dole sai an yanke ta kowane gefe ya yi daidai da ɗan'uwansa. Ta nuna mini yadda ake haɗa kusurwa da kusurwa, a murje da farce, a buɗe cikin kamar bakin kifi a kwantar, a ɗago wuya, a karya kai. Na ɓata takardu da yawa. Wata wuyanta ya fi ƙarfinta, wata kuwa Mudathir ya ce kazar da ruwa ya daka ce. Ranar da na samu mai kyau, da gudu na dawo gida ko hijabi ban cire ba. Umma ta riƙe ƙirjin, ta dube ni, na ja wutsiyar. Ba abin da ya motsa. Na ƙara ja, ta yage. Umma ta saki, ta juyar da fuska bango.

Malama ta ce wadda ta iya ta ado ce, mai kaɗa fikafikai ninkinta daban ne, kuma ba ta san shi ba. Ta duba mini a wayarta, amma mutumin da ke nunawa yana sauri, hannunsa yana rufe daidai inda nake so in gani. Kullum ina kai wa Umma sabuwa, kullum tana miƙo hannu, kullum abu ɗaya. Tun shekaranjiya ta daina miƙowa. Masar da take so har da miyar taushe na kai mata, ko kallo ba ta yi ba. Kunu ma sai an yi ta lallashi. Gwaggo Fati ta ce in daina wahalar da kaina, kama da wane ba ta wane, ba tsuntsun Umma ke nema ba. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa na kasa daina kuka.

Kawu, na san ba huruminmu ba ne abin da ya shiga tsakaninka da Baba ranar da kuka yi musu kan mayar da Umma asibiti, har ka rantse ba za ka ƙara taka gidanmu ba. Ina tsakar gida na ji. Abu ɗaya kawai zan faɗa maka. Baba da ke cewa a cire tsuntsun daga ɗaki don kada ya hana mala'iku shiga, shi ne yanzu ke kawo mini tsofaffin kalanda daga shago, a yanke daidai, ya ajiye a bakin taga. Kuma a Islamiyya an karantar da mu cewa rantsuwa tana da kaffara. Na tambaya ko zan iya yi maka azumin, malam ya ce a'a. Ka yafe mini idan na wuce gona da iri.

Ban sani ba ko za ka sami Umma yadda ka bar ta. Gaskiya ina jin tsoro. Idan zuwa ba zai yiwu ba, ko ninkawa ka yi ka ba Habila direba, wanda zai kawo maka wannan takardar. Ranar Talata yake juyowa. Na sa tawa a ciki, wadda ta fi kyau. Ka ja wutsiyar, za ka ga abin da Umma ke gani kullum.

Ka gaishe mini da Anti Rukayya, da Yasmin, da Fakhruddeen ɗan jariri da ba mu gani ba. Gwaggo Fati da Madina ma da sun sani da sun aiko da gaisuwa. Ba wanda ya san na rubuto, amma da na faɗi sunanka a gaban Umma ɗazu, ta juyo daga bango ta dubi ƙofa.

Idan ka yarda, Kawu, ina neman izini in sake rubuto maka, ko da labarin da zan bayar ba mai daɗi ba ne.

'Yarka,
Lailatu Ja'afaru