A Ɗakin Nan Ba A Amsawa

Ya Wendell, hasken safiya a kan tafkinmu, inuwar da na fi sabawa da ita, mai murya kamar ruwan da ke gudu ƙarƙashin ƙanƙara,

"Masu waƙa suna sama, mu mashaya muna ƙasa. Wanne kike nema?" Da wannan wata mata mai suna Lorna ta tarbe ni a ƙofar wani coci, taba a hannunta, hula har gira. Na ce banɗaki nake nema. Ta ce, "Kowa da banɗaki yake farawa, 'yar'uwa. Sauko, gahawa ta kusa ƙarewa."

Ban taɓa ba ka labarin ranar ba. A waya na nemo taron masu son daina shan giya, na zaɓi na tsallaken gada don kada ɗalibaina su gan ni. Ka ji hikimar mai digiri uku: ina tsoron a gan ni ina dainawa, ban taɓa tsoron a gan ni ina sha ba. Na zauna a kujerar ƙarfe ina gyara wa mutane nahawu a zuci. Da layi ya zo kaina na ce, "Sunana Noreen, mashayiya ce ni. Ina son mijina, amma ban san ko na taɓa son shi da idona biyu, ba cikin maye ba." Na jira a lallashe ni, ko a ƙaryata ni. Sai suka haɗa baki: "Mun gode, Noreen." Na kusa da ni ya fara nasa. Dokar ɗakin kenan, ba a amsa wa mai magana. Maganata ta zauna a tsakiyar da'ira, ba wanda ya ɗauke ta, har na gan ta da kyau.

Kai kuwa, abin ƙaunata, wane ne ya kai ka amsa? Ka tuna hunturun da muka taka tafki bayan ya daskare, kwalba a aljihun rigarka? Na ce ina jin ƙanƙarar tana tsagewa. Ka ce, "Tafa mana take yi." Na yi dariya har na zube, na aure ka saboda wannan jimlar. Tun daga nan ban taɓa jefa tsoro sama ya taɓa ƙasa ba, kana cafe shi ka mayar da shi raha, ka tsiyaya mana. Kai ne dusar ƙanƙarar da ke sauka a kan juji, gari ya waye fari tas. Wace mace ce za ta ƙi irin wannan rufin asiri?

Shi ya sa da ka ce za ka raka ni taron Asabar, wanda ake barin iyali su shiga, na yarda. Ka sa rigar da nake so. Ka kawo musu biskit. Da na ce mashayiya ce ni, sai ka ɗaga hannu kamar a taron sashenmu na jami'a, ka ce, "Ku yi haƙuri, Noreen tana tsananta wa kanta ne. Wajen cin abinci kawai take ɗan taɓawa." Lorna ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ango, a nan ba a amsawa. Ci biskit ɗinka." Wani tsoho ya ce, "Tawa ma haka ta riƙa kare ni, har aka cire min rabin hanta." Aka yi dariya, kai ma ka yi, don ka iya ɗaukar zolaya. A mota ka ce mutanen kirki ne, amma ni ba irinsu ba ce. Da muka iso gida ka buɗe kwalbar giyar inabi, wai murnar jarumtata. Na sha, Wendell. Ka san na sha.

Ya kamata a ce ina kuka yanzu. Na duba, babu. Zuciyata kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, na san tana nan, ba na jin ta. 'Yan taron sun ce jin zai dawo, da zafinsa. Ina so in ga, idan ya dawo, ko kana ciki. A gidan nan ba zan gani ba, domin kafin in gama tambaya ka amsa.

Ƙanwata Colleen ta gyara min ɗaki a gidanta. Roƙona ɗaya, ya farin watana: kada ka amsa wasiƙar nan. Na san ka riga ka fara tsara jimlar, na san za ta yi kyau, za ta dawo da ni kafin azahar. Ka bar ta a bakinka. In ya zama dole, ka ce "Na gode, Noreen," ka tsaya nan.

Ba wani namiji, ba kuwa za a yi ba. Zobenka yana yatsana. Ina jiyo ka a sama kana wanka, kana rera waƙar nan da ba ka san ƙarshenta ba. Lorna ta iso ɗaukata, ta danna ƙahon mota sau ɗaya. Ƙarar da za ka ji bayan wannan ta ƙofar gaba ce, zan ja ta a hankali.

Taka, da idona biyu in na same su,
Noreen