Ajiyar da ta Kai Yayana Gidan Yari

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da taimakon shari'a ga marasa ƙarfi a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto a fili ne domin na yi sawu har na gaji ban samu ganinka ba.

Ni malamin firamare ne a Unguwar Rogo. Yayana Malam Buhari, mai sayar da hatsi a Ƙofar Atiku, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Yana gidan yari tun kafin azumi, ga layya ta wuce, ba a yanke masa hukunci ba. Yana da ciwon suga, kuma gyambon ƙafarsa kullum ƙara ci yake. Ƙafar nan ce ta hana ni barci.

Na farko, abin da ake kira laifinsa. Duk wanda ya san kasuwarmu ya san ajiya. Manomi zai shigo daga fadama, ya aje kayansa a shago, ya tafi asibiti ko wajen sayayya, ya dawo ya ɗauka. Ba a tambayar abin da ke ciki, domin tambayar kamar ka kira mutum ɓarawo ne a idonsa. Haka muka taso muka tarar. Wani baƙo ya aje buhu wurin yayana, ya ce zai dawo bayan la'asar. Bai dawo ba, sai 'yan sanda. Ashe injin ban ruwa ne na sata a ciki.

Na biyu, ranar da aka kai shi kotu ba shi da lauya. Aka tambaye shi ko an samu injin a shagonsa, ya ce an samu, domin shi ba ya ƙarya. Babu wanda ya miƙe ya bayyana mene ne ajiya. Maƙwabtansa na kasuwa sun rufe shagunansu sun zo shaida, amma ba wanda ya nuna musu yadda ake yi. A waje suka zauna gindin bishiya har aka tashi.

Na uku, beli, kuma nan ne raina ya fi ɓaci. An ce a kawo babban ma'aikacin gwamnati mai takardar mallakar gida. Na gabatar da kaina, aka ce matakina bai kai ba. Na isa a damƙa mini 'ya'yan jama'a, ban isa in tsaya wa ɗan'uwana ba! Gidanmu kuwa na gado ne, ba shi da takarda, shaidarsa mai unguwa da maƙwabta. Ranka ya daɗe, mai awon gero ina zai samo darakta?

Lauyan da ofishinku ya ba mu daga baya yaron kirki ne, ban ga laifinsa ba. Amma shi kaɗai ake yayyaga. Ranar zamanmu yana wata kotu, aka sake ɗagewa.

Roƙona shi ne a duba belin yayana tun kafin zama na gaba, a kai shi asibiti tun ƙafar tana cetuwa. A karɓi liman, ko mai unguwa, ko shugaban 'yan kasuwa a matsayin mai tsaya wa talaka, domin su suka san shi. A ƙaro lauyoyi, kuma a sa wanda zai tarbi mutum tun ranar farko, kafin ya buɗe baki a gaban alƙali.

Ni nake zama a shagon idan an tashi daga makaranta. Kwanan nan wata tsohuwa ta zo da ƙullinta za ta aje, na ce ba ma karɓa. Ta daɗe tana dubana, ta ɗora kayanta a kai ta tafi cikin rana. Da na ziyarci yayana, bai fara da maganar ƙafarsa ba, tambayata ya yi ko na mayar wa kowa ajiyarsa, kuma ko ana ci gaba da karɓa. Har yau ban iya gaya masa ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya, ya tsare ka daga ranar da za ka nemi mai tsaya maka ka rasa.

Wassalam.

Sanusi, ƙanen Malam Buhari mai hatsi,
Unguwar Rogo, Sakkwato.