Tabon da Na Kai Bakin Teku

Yaya Hanh,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, zaman ɗinki ne kawai ya ƙage min wuya.

Gaskiya aka gaya miki, na yi wanka tsirara a bakin tekun Rostock, nan ƙasar Jamus. A wurin, mai kaya a jiki shi ne marar ladabi. Ina ƙudundune cikin tawul, wata tsohuwa mai nono ɗaya ta ce, "Ke 'yar nan, zinariya kike ɓoyo?"

Na yar da tawul ɗin. Ba wanda ya ko kalli tabon ƙunar da kuka sa na rufe tun ina ƙarama.

Kada ki ƙara aiko min riga mai dogon wuya. Ganyen shayi nake so ki aiko.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Ƙanwarki,
Diep