Famfon da ke bangon rumfata

Safana, daren Laraba, cikin watan Sha'aban

Yau ko facin taya ba wanda ya kawo mini. Ilu ma, da muke hawa keke zuwa Zakka tare, ta bayan kasuwa ya zagaya don kada mu gaisa.

Duk a kan zanen nan ne na bangon rumfata, famfo a bushe da tsohuwa riƙe da tulu. Tun da aka kafa famfon unguwarmu bai taɓa ɗiga ba, na gidan Alhaji kuwa har lambu yake shayarwa. Abin da idona ya gani na zana.

Da hantsi dogarin hakimi ya zo. Ya ce, "Sani, an ce ka shafe. Zanen abu mai rai haramun ne."

Na ce, "Yallaɓai, zakin bayan motar Alhaji ai ni na zana shi."

Ya ce, "Zaki bai je neman ruwa ba. Ko ka shafe, ko ka bar rumfar."

Na shafe tsohuwar da farar ƙasa. Famfon na bar shi, tunda ba shi da rai.

Da la'asar sai ga Inna Tabawa, wadda na zana ɗin. Ta ce, "Ɗan nan, ina ka kai ni?"

Ta dire tulunta a gindin famfon, ta zauna, ta ce, "To ga ni na dawo. Su zo su shafe."

Ban san ko rumfar za ta kai gobe ba. Inna Tabawa kaɗai ta yi mini sai da safe.