Rumbun Baba

Talata, bayan isha'i, Gidan Sori.

Yau na fara aikin zagayawa da baƙi, malamai uku na lakol, wato makarantar boko, daga Yamai. Na kai su gidanmu su ga rumbu. Garin son burgewa sai na ɗage murfin. Dami biyar suka rage a ciki, ga kaka da sauran nisa.

Baba ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa Inna ta dama musu fura.

Bayan sun tafi ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ɗana, kai baƙo ko'ina a garin nan, amma rumbu cikin mutum ne, ba a leƙa shi."

Da faɗa ya yi mini, da tuni na yi barci.