Ƙafar Ƙanena da Yafiyar da Aka Yi a Hanyar Barmou

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da sufuri a yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a nan Tahoua, haifaffen Barmou.

Ranka ya daɗe, mutanenmu da yawa sun ɗauka cewa neman haƙƙi daga asuransin mota, wato inshora, daidai yake da kai direba ƙara ko karɓar diyya daga hannun maƙwabci. Wasu kuma suna ganin tunda asibitin gwamnati yana jinya kyauta, babu sauran abin nema. Wannan ruɗani ya shigo gidanmu, kuma ga abubuwa uku da nake so ka sani.

Na farko. Bayan girbin bara, ƙanena Isufu ya hau kamyo, wato babbar motar kaya, daga Barmou zai kawo wake kasuwa. Motar ta zame a gangaren dutse ta kwanta, buhuna suka danne masa ƙafar dama. Direban, Mamman, katanga ɗaya ta raba gidansu da namu. Mahaifinmu ya iske Mamman zaune a ƙasa yana kuka, sai ya ɗaga shi, ya ce ƙaddara ce, ya yafe masa duniya da lahira. Ya kuma sa aka tayar da motar kafin jandarma su ji labari, don kada a tsare ɗan maƙwabci. Aka kai Isufu wurin maɗori, kamar yadda muka saba. Maɗorin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙashin ya huda fata, ciwon ya ruɓe. Kafin labari ya iske ni in kawo shi asibiti, likita ya ce sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa.

Na biyu. Asibiti bai karɓi komai a hannunmu ba, kuma ina godiya ga ƙasarmu da ta fara tsayawa da ƙafarta. Sai dai ƙafar katako a Yamai ake yin ta, ba ta cikin jinyar kyauta, kuma ta fi ƙarfinmu. Motar kuwa tana da asuransi, mai ita yana biya duk shekara. Na je wurin wakilin kamfanin. Ya karɓe ni da mutunci, har ruwa ya ba ni, sannan ya nemi rahoton jandarma da shaidar likita ta ranar hatsarin. Na ce babu. Ya ce, to, a wurin kamfani hatsarin bai faru ba.

Na uku. Wani malami ɗan Kanada da muka yi kos tare a Yamai ya taɓa gaya mini yadda abin yake a wurinsu. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin kwanciya asibiti daga harajin jama'a, amma mai mota yana biyan asuransinsa dabam, kuma wanda ya yawaita hatsari kuɗinsa ƙaruwa yake yi. Ya ce wanda ya ji rauni yana iya yafe wa direba, ya kuma karɓi haƙƙinsa daga kamfani, ba wanda zai ce ya ci amanar maƙwabtaka. Da na bayyana wa mahaifinmu cewa ba daga aljihun Mamman za a biya ba, sai ya tambaye ni ko ashe da bakinsa ya hana ɗansa ƙafa. Tsoho ne da ya yi abin da iyayensa suka koya masa, kuma ba wanda ya taɓa yi masa bayani da harshen da yake ji.

Isufu yana yi mana wasa, wai yanzu takalmi ɗaya ya ishe shi, a ba Mamman ɗayan. Muna dariya don kada ya ga hawaye a idonmu. Amma damina ta kusa, gonarsa kan tsakuwa take, kuma mai riƙe da sanda hannu biyu ba ya riƙe hauya.

Saboda haka ina roƙonka ka sa baki kamfanin ya karɓi shaidar maigari da ta fasinjojin da suka gani. Mamman da kansa ya ce zai tsaya gaban kowa ya faɗi gaskiya, ko da za a karɓe masa lasin. Ina kuma roƙo a yi bayanin asuransi a rediyo da tashoshin mota, da Hausa da Buzanci. Mu malamai a shirye muke mu koya wa ɗalibai, su kai gida.

Kada ka tsaya ga maganata. Ranar kasuwa ka ajiye motar ofis, ka hau saman kamyo tare da jama'a, ka tambayi na kusa da kai abin da zai yi in Allah ya kawo tsautsayi. Amsar da zai ba ka ita mahaifinmu ya bayar.

Allah ya taimake ka a kan aikinka, ya tsare ka da iyalinka a kowace hanya, ya sa Isufu ya shiga gonarsa bana.

Wassalam.

Malam Abdu, Tahoua